Kafin ki ce yaronki ba ya ja a makaranta

Ranar da ake raba sakamakon jarabawa ita ce ranar da na fi shan magana a duk zangon karatu. Ina koyar da 'yan aji ɗaya na firamare a wata makarantar kuɗi a nan cikin Kano, kafin nan na daɗe a nazare wajen 'yan ƙanana, kuma kusan kullum zancen ɗaya ne, uwa zata shigo da takarda a hannu ranta a ɓace, ko gaisawa bamu gama ba zata ce "Malama yaron nan fa sam ba ya ja, ƙanwarsa ma ta fi shi, don Allah ki dinga zane min shi, in dai baki karya shi ba babu ruwana." Shi kuma wanda ake maganar yana tsaye a gefenta yana wasa da igiyar jaka, shekararsa shida ko ma bai cika ba, kuma duk abin da ake faɗa yana shiga kunnensa. Ni dai abin da nake fara tambaya baya wuce me ya ci da safe, ƙarfe nawa yake kwanciya, yaushe rabonsa da zazzaɓi, sai kiga uwar tana kallona kamar na canza zance, ita ta zo maganar karatu ni ina maganar koko. To ai maganar karatun kenan. A abin da na gani a aji, yaran da Allah ya yi su da nauyin fahimta na gaske basu da yawa, akwai su kam kuma suna buƙatar kulawa ta daban, amma mafi yawan waɗanda ake kira daƙiƙai ko dai yunwa ce, ko bacci, ko wani ciwo da ba a lura dashi ba, ko kuma tsoro, wani ma duk sun haɗe masa.

Bari in fara da ciki tunda da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaro ya tashi ƙarfe shida, a yi masa wanka a gurguje, mai adaidaita na ta hon a ƙofar gida, a ɗura masa ruwan shayi rabin kofi a cusa masa biskit da ɗan lemon kwali a jaka shikenan an sallame shi. Wani ma naira ɗari biyu za a miƙa masa, a bakin get zai ƙarar da ita a alawa. Wallahi ƙarfe goma bata yi zaki ga kawuna sun fara kwanciya a kan benci, wanda bai kwanta ba kuma ya zama mafaɗaci, da an taɓa fensirinsa sai kuka ko cizo. Na san halin da ake ciki, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kwanon komai ya zama abin da ya zama, ba kowa ke iya ƙwai da madara kullum ba, nima bana iyawa. Amma abin da ke riƙe cikin yaro ba sai mai tsada ba. Ɗumamen tuwo da miyar kuka ya fi biskit ɗin nan nesa ba kusa ba, haka koko da ƙosai, kunun gyaɗa, ɗan wake, awara 'yar kaɗan a roba, dafaffen dankali da garin ƙuli, wake da shinkafar jiya. Abin da ke hana iyaye sau da yawa kunya ce, uwa na ganin in ta zuba wa ɗanta ɗumame a kula 'yan aji zasu yi masa dariya, gara ta sa indomi ko abin leda, kuma gaskiya ne yara na yi wa juna haka. Shi yasa in an fita tara nake buɗe tawa kular a gabansu, ranar da na zo da ɗumame kowa ya gani, ranar kwaɗon zogale ma haka, tun daga nan dariyar ta ragu a ajina. Lokacin da gwamnatin tarayya ta fara ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a makarantun gwamnati a 2016, a kan naira 70 kowane yaro, abincin ba wani na a zo a gani bane amma ya jawo yara aji, sai dai shirin ya yi ta tangal-tangal daga baya, mu kuma na makarantun kuɗi dama ba a sa mu ciki ba.

Akwai kuma yunwar da bata nunawa a fili. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗewa cikin rashin abinci mai gina jiki da yawan ciwo, a nan arewa maso yamma kuwa abin ya kai kashi 57, sannan kashi 68 na ƙananan yara a ƙasar suna da ƙarancin jini. Waɗannan yaran fa ba ɓacewa suke ba, su ne bayan shekara biyu suke zuwa su zauna a gabana. Yaro mai ƙarancin jini ba lallai ya kwanta ciwo ba, kawai zaki ganshi sanyi-sanyi, da an ɗan yi gudu sai haki, ana bayani idonsa na kan allo amma hankalin baya wajen. Ki ɗan ja fatar ƙasan idonsa ki duba ciki, ki duba tafin hannunsa, in kin ga sun yi fari fat ki kai shi a auna jininsa, ba tsada gwajin. Hanta ko da sau ɗaya a sati, kifi ko busasshe ne, wake, zogale, alayyahu, duk suna ƙara jini, kuma in aka haɗa da lemon zaƙi ko gwaiba ko tumatir jiki ya fi ɗauka. Shayi kuma akasin haka yake yi, ganyen shayi na hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfen da ke cikin abinci, don haka yaron da kullum da shayi yake kora abincinsa ana ba shi da dama ana karɓewa da hagu. Sai tsutsar ciki, wadda ita ma jinin take sha, ga yaranmu kullum a ƙasa ba takalmi, hannu daga turɓaya sai baki. Maganinta ƙwaya ɗaya ce ake taunawa, albendazol, duk bayan wata shida ko shekara, kuma a makon kula da lafiyar mata da yara da ake yi sau biyu a shekara kyauta ake bayarwa a ƙananan asibitoci tare da ɗigon bitamin A. In kuma yaro na wanka a kududdufi ko dam kika ga jini a ƙarshen fitsarinsa, wannan tsargiya ce, ba alamar girma bace kamar yadda wasu ke faɗa, tana da maganinta daban.

Zazzaɓin cizon sauro kuwa shi ne babban ɓarawon karatu daga Yuli zuwa Oktoba. Yaro zai yi sati a kwance, ya dawo jiki ba ƙwari, kafin ya farfaɗo an wuce shi da haruffa biyar, ya sake kwantawa, zuwa ƙarshen zango sai a ce ba ya ja. Masu bi gida-gida da damina suna raba maganin kariya ga yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, wata-wata, kuma na kwana uku ne, su zasu bada na ranar farko ke ki bada na rana ta biyu da ta uku, to nan ake samun matsala don da yawa in masu rabon sun juya baya sai a jefa sauran a kwaba a manta. Wanda ya haura biyar baya cikin rabon, gidan sauro ne gatansa, ba wanda aka kai lambu aka rufe tumatir dashi ba. Kuma don Allah in jiki ya yi zafi a fara yin gwajin nan na ɗigon jini kafin a ruga kemis a ce a yi masa allura uku, ba kowane zazzaɓi bane maleriya, in kuma ita ce a shanye maganin kwana ukun duka ko da ya miƙe a rana ta biyu. Katin rigakafi ma a duba an cika shi, mun ga abin da mashaƙo ya yi mana a Kano a 2023, yawancin yaran da ya kama basu yi rigakafi ba ko basu ƙarasa ba.

Akwai wata yarinya da aka kawo min daga nazare da tambarin taurin kai, antin da ta riƙe ta kafin ni har cewa tayi in shirya, a kira ta sau uku ba zata waigo ba, a ce a buɗe littafi sai ta ga na kusa da ita ya buɗe sannan ta buɗe. A gida ma haka, uwar tace raini ne kawai. Abin da na lura dashi shi ne in ina magana bakina take kallo ba idona ba, kuma kullum tana ɗan karkato kai gefe ɗaya, in na juya ina rubutu a allo ina magana kuwa kamar ma bata ajin. Wata rana ina gyara mata hijabi sai na ji wani wari, na ɗaga na ga auduga a cushe a kunnen hagu ta jiƙe da ruwa mai kauri. Da na tambayi uwar sai tace "ai Malama ya daɗe yana yi, yana zuwa yana tafiya, muna ɗiga mata man zaitun." Ban yi mata faɗa ba don bata san kunne mai zubar mugunya yana rage ji ba, nace dai don girman Allah ta kai ta ɓangaren kunne a babban asibiti kar a ƙara ɗiga komai sai abin da likita ya rubuta, ni kuma na dawo da ita benci na gaba ta yadda lafiyayyen kunnen ke wajena, in zan yi magana sai na fuskance ta. Bata zama ta ɗaya a aji ba, amma kafin shekara ta ƙare tana haɗa baƙi tana karanta gajerun kalmomi, kuma ashe 'yar surutu ce. Duka nawa yarinyar nan ta sha a kan kiran da bata ji ba, Allah kaɗai ya sani. Ƙyanda da sanƙarau ma suna barin yaro da matsalar ji bayan ya warke, duk wanda ya yi su a gwada kunnensa. Ido ma haka, yaron da ke ƙanƙance ido in zai kalli allo, ko yake manna fuska a littafi, ko ya kwafi rubutu a karkace, kafin a ce ganganci ne a kai shi a auna, tabarau ba na tsofaffi kaɗai bane.

Tunda na taɓo ido bari in faɗi wadda na san wasu ba zasu so ba, maganar kwalli. Wani kwallin, musamman na dutse da ake niƙawa, dalma ce a cikinsa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bada rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da aka samu gubar dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa wanda aka kai daga nan gida sai aka ga sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu saboda niƙan dutsen zinare a cikin gidaje, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Kaɗan ɗinta baya kashewa amma yana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma jariri murza ido yake ya kai hannun baki. Ni dai na daina sa wa nawa, kakarsu ta yi mitarta ta gaji.

Sai bacci, wanda a nan ne nake ganin mun fi zaluntar yaran birni. Ki lissafa ranar ɗan shekara shida: boko daga bakwai da rabi zuwa ɗaya da rabi, ya dawo ya ci abinci a tsaye, Islamiyya daga uku ko huɗu zuwa shida, wani gidan akwai mai lesin da ke zuwa bayan magariba, sannan ga homwok shafi uku, in an gama kuma a miƙa masa waya ya kalli katun don a samu a huta, sha ɗaya tana yi idonsa biyu, asuba a tashe shi. Babba ma aka yi masa haka sai ya yi gyangyaɗi a ofis. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar baccin awa 10 zuwa 13 a kwana ɗaya har da na rana, kallon waya ko talabijin kar ya wuce awa ɗaya, ɗan ƙasa da shekara biyu ma ba a so ya kalla sam, sannan ya samu aƙalla awa uku yana motsa jiki. 'Yan firamare kuma likitoci na cewa awa 9 zuwa 12. Ba cewa nake a cire yaro daga Islamiyya ba, Allah ya kiyaye, amma lesin ɗin dare ga ɗan aji ɗaya bana ganin amfaninsa, wannan awar da ya yi ta a tsakar gida yana langa ko ɓuya ko 'yar carafke da ta fi masa. Carafke ma ai lissafi ce da saita hannu da ido, yarinyar da ta iya cafe duwatsu riƙe fensir baya ba ta wahala, haka mai ƙera motar kara ko ta gwangwani. Mun ɗauki wasa a matsayin ɓata lokaci har wasu makarantun an gine filin an ƙara aji.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, tsoro. Yaron da ke tsoron malamarsa ba darasi yake saurare ba, hannunta yake kallo da inda ta ajiye bulala, ki tambaye shi abin da ya sani sarai sai ya daskare, a dake shi a kan daskarewar, gobe ya ƙara daskarewa. Iyaye na yawan kawo min cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ban musa ba, tarbiyya dole ce, yaron da ya yi ƙarya ko ya zagi babba ko ya cuci ɗan uwansa sai an tsawatar masa ya san ya yi ba daidai ba. Amma rashin gane darasi ba laifi bane, ba da gangan yake juya b ta koma d ba, kusan duk yara suna haka a farko. Kuma mu malamai muna da namu, tsallen kwaɗo da kamun kunne a rana ga ɗan shekara biyar, wani ma mai sikila ne ba a sani ba, ya koma gida ciwo ya tashi. In ɗanki na da sikila ki faɗa wa makaranta tun ranar farko, a bar shi ya sha ruwa ya fita fitsari duk sanda ya buƙata, ba abin ɓoyewa bane a ƙasar da ake haifar kimanin jarirai 150,000 da ita duk shekara. A gida kuma sai a mayar da mu abin tsoratarwa, "bari in haɗa ka da Malama", ko "zan kai ka a yi maka allura", ko dodo na zuwa, daga baya a yi mamakin me yasa yake ihu a bakin get ko a layin rigakafi.

Abin da ke faruwa a gida kuwa a fuskar yaro muke karanta shi tun kafin a gaya mana. An yi masa ƙani an daina ɗaukarsa, sai kiga ya koma tsotsar yatsa ko ya fara fitsari a wando bayan ya daɗe da dainawa. Iyaye sun yi faɗa da daddare a gabansa, ko an saki uwar an bar shi wajen matar uba, ko an kai shi riƙo, sai yaro mai surutu ya yi tsit ko mai sanyi ya fara dukan 'yan aji. Mu manya muna cewa yaro ne bai san komai ba, alhali ya sani, bakin faɗa ne bashi da shi. Abin da nake yi in ɗaya ya fashe da kuka ko ya hau tsiya, bana fara da "yi min shiru", durƙusawa nake daidai tsayinsa in ce "ka ji haushi ya karɓe maka mota ko?" sai ya gyaɗa kai, da ya ji an gane abin da ke cinsa rabin kukan ya tafi, sannan in ce to amma ba a duka, je ka ce ya baka. Yana cin lokaci, a aji mai yara arba'in ba kullum nake iyawa ba, amma wanda aka saba yi masa haka bayan 'yan watanni da bakinsa zai zo yace Malama raina ya ɓaci, maimakon ya yi cizo. Haka mai fitsarin kwance, a tara masa yaran gida ana amalala mai fitsarin kwance, wallahi ba ya ƙara komai sai kunya, abu ne da yawanci gado ne kuma yana wucewa da kansa, a rage masa ruwa da daddare a tashe shi ya yi kafin a kwanta, in ya girma bai daina ba a ga likita. Mai in-ina a bar shi ya ƙarasa maganarsa kar a ƙarasa masa, bahago kuma a koya masa ci da dama amma a ƙyale shi ya yi rubutu da hannun da ya fi masa sauƙi.

Akwai wata al'adarmu da nake ganin zamani ya canza mata ma'ana, alkunyar ɗan fari. Da can uwa bata kiran sunansa bata wasa dashi a gaban mutane, amma gidan cike yake, kaka na nan tana kiransa mijinta ko kishiyarta, goggo na goya shi, baffa na saya masa alawa, bai rasa mai nuna masa so ba. Yanzu daga ke sai mijinki a ɗaki biyu na haya, in kin yi masa alkunya waye zai rungume shi? Kuma addini ma ba haka ya nuna mana ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sumbaci jikansa Hasan, Aƙra'u bin Habis yace shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai aka ba shi amsa cewa wanda baya jin ƙai ba a jin ƙansa. Ya yi salla ɗauke da jikarsa Umama, kuma ya tsaya yana tambayar ƙanin Anas, Abu Umair, labarin ɗan tsuntsunsa da yake wasa dashi. Wannan na faɗa ne musamman don iyaye maza, waɗanda wasunsu in sun yi sallama yara sai kowa ya nemi maɓoya, ajin da ɗansu yake ma basu sani ba sai ranar biyan kuɗin makaranta.

Maganar turanci kuma ita ce muke ta fama da iyaye a kai. Kowa so yake ɗansa ɗan shekara uku ya dawo gida yana turanci, makarantu kuma sun gane kasuwar, sai a hana Hausa har da tara ga wanda ya yi, a sa yara haddar waƙoƙin da basu san ma'anarsu ba, ɗan nazare yana rera ɗaya zuwa ɗari amma ki ce ya miƙo miki murfin kwalba bakwai sai ya ɗebo hannu guda. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya gwada a Ile-Ife, aka koyar da wasu yara duk shekara shida na firamare da Yarbanci, turanci kuma a matsayin darasi, suka fi waɗanda aka koyar da turanci ƙoƙari, kuma turancin nasu bai gaza ba. A 2022 zamanin ministan ilimi Adamu Adamu gwamnati ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare, a Nuwambar 2025 kuma minista Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin aka koma turanci. Su can su yi ta juyawa, ni abin da nake gani a aji shi ne yaron da ya fara iya haɗa ba, bi, bu da Hausa, wadda yadda ake faɗa haka ake rubutawa, in an zo turanci baya shan wahala sosai don ya riga ya gane cewa baƙi sauti yake wakilta. Kuma yaron da ake hira dashi a gida, ana yi masa ga ta nan ga ta nanku, ya san Gizo da Ƙoƙi, ana yi masa kacici-kacici, kina tsince shinkafa yana tambaya kina ba shi amsa, daban yake a aji ko da uwar bata taɓa shiga boko ba. A Jamaika an taɓa bin wasu tsumburarrun yara 'yan ƙasa da shekara biyu a Kingston, a shekarun 1980, ma'aikatan lafiya na zuwa gidajensu sau ɗaya a sati tsawon shekara biyu suna nuna wa iyaye mata yadda zasu yi wasa da hira da 'ya'yansu da kayan wasan da aka haɗa a gida, bayan shekara 20 aka sake nemo su aka tarar abin da suke samu ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa haka ba da kusan kashi 25 cikin 100.

Abin da nake roƙon iyayen ajina kawai shi ne in wani abu ya faru a gida, rasuwa ko haihuwa ko tafiya ko rabuwa, a ɗan sanar dani ko a saƙon waya ne, ba sai an buɗe min sirrin gida ba, "Malama a ɗan lallaɓa shi kwanan nan" ma ya isa. In kuma makaranta zaki zaɓar wa ƙaramin yaro, kar fentin get da yunifom su ruɗe ki, ki je ba tare da sanarwa ba lokacin tara, ki ga ko yaran na zuwa jikin malamarsu da kansu ko darewa suke in ta taho, ki ƙirga yara nawa ne a ajin, ki tambaya ina suke wasa, ina ruwan sha da na wanke hannu. Sannan ki ce a nuna miki banɗakin yara, ba na malamai ba. Na san yara da yawa, musamman mata, da suke ƙin shan ruwa tun safe har a tashi don kar fitsari ya kama su saboda ƙazantar banɗaki, suna zaune a matse ga zafin Afrilu ga ciwon kai, a haka ake so su koyi karatu.